Juya Lensi Kan Lensi: Da Gaske Yana Maye Gurbin Lensin Makro?

Kan tururuwa ya cika fuskar waya har ana iya ƙirga gashin bakinta. Idon ƙuda ya fito da ɗaruruwan ƙananan gidaje jere kamar saƙar zuma. Duk sanda irin wannan hoto ya zaga hannun jama'a sai musu ya kaure. Wasu su ce kwamfuta ce ta ƙirƙira shi, wasu su ce sai da madubin ɗakin gwaji mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma, masu sana'ar hoto kuma su ce aikin lensin makro ne, wanda tun da darajar naira ta zube a tsakiyar 2023 ya ƙara yin nisa da aljihun mai ɗaukar hoton biki a Tudun Wada ko Rigasa da ke Kaduna. Idan aka nuna kyamarar da ta yi aikin, sai a ga lensi biyu an haɗa su baki da baki, na gaban ya juya gindinsa waje. Daga nan tambayar take sauyawa: wannan dabara ce mai tushe, ko kame-kame ne da zai lalata kaya? In kuma tana aiki, me ya sa da yawa daga waɗanda suka gwada ba su samu komai ba sai baƙin hoto, ko ɗan haske zagaye a tsakiya, ko dishi-dishi?

Dabarar tsohuwa ce tun zamanin fim, kuma lissafinta bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Girman da take bayarwa kusan kyauta ne, amma ana biyansa da abubuwa uku: haske, zurfin fokas (kaurin wurin da ke fita ras a hoto), da tazara tsakanin gilashi da abin da ake ɗauka.

Me ake nufi da makro?

Masu talla sun wahalar da kalmar. An buga ta a jikin zum (lensi mai jawo abu kusa ko mayar da shi nesa) masu araha, an sa ta a wayoyi. A wurin masu hoto kuwa awo ce: girman abu a kan sensa (ɗan farantin cikin kyamara da hoto ke faɗawa a kai) idan aka gwada shi da girmansa na zahiri. Ƙwaro mai tsawon milimita 10, in ya faɗa kan sensa a milimita 10, shi ne 1:1, wato ninki ɗaya, kuma daga nan makro na gaske yake farawa. In ya faɗa a milimita 20, ninki biyu ke nan. Zum ɗin da aka rubuta wa makro yawanci a 1:4 ko 1:3 yake tsayawa, kaɗan ne ke kai 1:2.

Faɗin sensa shi ke nuna abin da zai shiga hoton. Ƙananan kyamarorin Nikon irin su D5300 da D7100 faɗin sensansu milimita 23.5 ne, na Canon irin su 600D da 700D milimita 22.3, manyan masu cikakken sensa kuma milimita 36. Saboda haka a ninki biyu, D5300 milimita 12 kawai take gani daga hagu zuwa dama, a ninki huɗu kuma bai cika milimita 6 ba.

Lensin makro da aka saba, mai milimita 90 ko 100 ko 105 (lambar da ke jikin lensi, ita ake kira tsawonsa), a ninki ɗaya yake tsayawa. Masu wuce nan ƙalilan ne, kamar Canon MP-E 65mm da ya fito a 1999 mai kaiwa ninki biyar, da Laowa 25mm mai aiki daga ninki biyu da rabi zuwa biyar. Haɗin lensi biyu kuwa gidansa daga ninki biyu ne zuwa biyar. Ke nan bai zo maye gurbin lensin makro ba, inda wancan ya tsaya nan yake ɗorawa.

Juyawa iri biyu ce

Ana yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce a cire lensi a juya shi, a ɗaura shi kai tsaye a jikin kyamara da adafta irin BR-2A ta Nikon. A nan lensi ɗaya ne, kyamara ba ta san da shi ba, kuma na milimita 50 kusan ninki ɗaya yake bayarwa, na 28 kuma wajen ninki biyu.

Ta biyu ita ce batunmu. Dogon lensi yana zaune a jikin kyamara yadda aka saba, gajere kuma an juya shi an murɗa a gaban dogon ta wurin da ake ɗaura filta. Kyamara na ci gaba da magana da dogon, awon haske na aiki, filashi mai auna kansa na aiki, bakin kyamara kuma a rufe yake.

Me ya sa yake aiki?

An ƙera lensi na yau da kullum ne domin abu mai nisa a gabansa, sensa kuma dab da bayansa. Duk gyaran da injiniyoyi suka yi wa gilasansa a kan wannan tsari suka yi shi. A makro mai wuce ninki ɗaya al'amarin ya juye, abin da ake ɗauka shi ne a kusa. Idan ka juya lensin, ka ajiye ƙwaron daidai inda sensa ya kamata ya kasance, ka mayar da lensin cikin yanayin da aka gina shi a kai, sai dai hasken yanzu baya yake bi. Yana fita ta gaban lensin a miƙe, kamar hasken da ya taso daga abu mai nisan gaske. Dogon lensin da ke baya, wanda aka saita fokas ɗinsa a alamar ∞, wato nesa sosai, irin wannan haske ya fi iya karɓa, sai ya tattara shi a kan sensa. Kowanne cikin biyun yana aikin da ya gwanance a kai. Haka ma madubin ɗakin gwaji na zamani yake, ƙaramin gilashi a gaba, wani a cikin bututu yana tattarawa, na Nikon milimita 200, na Olympus 180.

Wannan bayani shi ke faɗa mana tazarar aiki. Tunda abin yana zama ne a gurbin sensa, nisansa daga gindin lensin da aka juya daidai yake da tazarar gindi zuwa sensa a irin kyamarar da aka yi lensin dominta: milimita 46.5 a Nikon F, 44 a Canon EF, kimanin 45.5 a tsofaffin M42 da Pentax K. In ka cire ɗan abin da gilashin baya ya tsiro, kusan santimita huɗu ke rage maka, komai ninkin. Lensin kyamarori marasa madubi kuwa, Sony E milimita 18 ne, Canon RF 20, Nikon Z 16. Wannan tazara ba ta isa a shigar da haske ba, don haka ba su dace da zama na gaba ba. A baya dai ba su da laifi.

Lissafin ninki

Raba tsawon na baya da tsawon na gaba. Milimita 200 a baya, 50 a gaba, ninki huɗu. 100 da 50, ninki biyu. 135 da 50, ninki 2.7. 200 da 28, ya ɗan haura bakwai. Wanda ya san lambobin tabarau zai gane abin ta wata fuska: lensin milimita 50 da aka juya gilashin kusa ne mai ƙarfin +20, alhali Raynox DCR-250 da masu makro ke yabo +8 ne.

Kayan da galibin masu hoton biki ke da su a jaka sun isa. Mai Nikon da zum 55-200 da 50mm f/1.8D yana da ninki huɗu a hannu. Wannan 50 ɗin ma ba ya fokas da kansa a jikin D3200 ko D5300, shi ya sa yake yawan kwana a jaka, ga shi kuma yana da zoben ƙofar haske (kafar da haske ke shiga, wadda ke ƙanƙancewa in lambar f ta ƙaru), abin da wannan aiki ya fi buƙata. Mai Canon da 55-250 da 50mm f/1.8 yana da ninki biyar, faɗin milimita 4.5.

Kada a yarda da lissafi kaɗai. A ɗauki hoton rular ƙarfe, a ƙirga milimitocin da suka shiga, a raba faɗin sensa da su. Idan milimita 6 suka shiga a sensa mai 23.5, ninkin 3.9 ne.

Wanda zai fara, ya fara da ninki biyu zuwa uku. Kwaɗayin juya zum 18-55 a kan milimita 18 a gaban 200 yana kai mutum ninki goma sha ɗaya, inda ko gano abin a cikin kyamara aiki ne, kuma hoton ba zai taɓa fita ras ba saboda dalilin da za mu zo kansa.

Zoben haɗi

Zobe ne siriri mai haƙoran murɗi na namiji ta ɓangarori biyu. Girmansa na bin girman filtar kowane lensi, lambar da ke kusa da alamar ⌀ a bakin lensin ko a cikin murfinsa. Nikon 55-200 VR da 50mm f/1.8D duka 52 ne, zobe 52-52 ke nan. 50mm f/1.8G kuwa 58 ne. Canon 55-250 yana da 58, tsohon 50mm f/1.8 II yana da 52, sabon mai STM 49. Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai milimita 58, shi ma 49 ne.

In zoben bai samu ba, a nemi tsofaffin filta biyu da suka fashe ko suka karce, a cire gilasansu, a haɗa su fuska da fuska yadda haƙoran namiji za su kalli waje, a manne da Araldite, a danne da abu mai nauyi a kan tebur marar tudu, a bar shi ya kwana. Sufa gulu bai dace ba, tururinsa na barin farin hazo a gilashi. Masu injin feƙe ƙarfe na kasuwar Panteka za su iya yanka zoben, amma haƙoran filta ƙanana ne ƙwarai, yawanci milimita 0.75 tsakanin haƙori da haƙori, kuma zoben da bai zauna daidai ba cinye haƙoran robar lensi yake yi a murɗi ɗaya. A tafi da tsohuwar filta a yi gwaji da ita, lensi ya zauna a gida. Salatif na gwajin minti biyar ne a kan tebur da tawul a ƙasa.

Kafin a murɗa, a cire duk filtar da ke tsakani, a duba cewa gilasan biyu ba za su taɓa juna ba. A murɗa a hankali, da ya tsaya a tsaya. Zoben alminiyam yakan kafe, matse shi da yatsu biyu kuma ƙara kafar da shi yake yi. A danna shi a kan ƙasan silifa mai tsabta a juya, zai saki.

Batun lalata kaya daga nauyi yake zuwa. 50mm f/1.8 bai wuce giram 130 zuwa 185 ba, amma haƙoran filta ba don ɗaukar kaya aka yi su ba. A zum irin Canon 75-300, wanda bakinsa ke fita yana juyawa idan yana neman fokas, barin fokas mai sarrafa kansa a kunne na nufin ƙaramin mota na kokawa da nauyin da ba nasa ba. A mayar da maɓallin kan MF, wato fokas da hannu, kafin a ɗaura komai, a tallafi lensin da hannu ko ɗan katako, kada kuma a rataya kyamarar a wuya da shi.

Ƙofar wanne za a rage?

Nan ne ake samun saɓani, kuma nan ne yawancin hotuna ke lalacewa. Wasu na cewa a bar na gaba a buɗe duka, a rage ƙofar na baya daga jikin kyamara. Hujjarsu sauƙi ce: ana kallo da cikakken haske, ƙofar ba ta rufewa sai lokacin ɗauka, lambar da kyamara ta nuna kuma ita ce ta gaskiya. Ga mai bin ƙwaro a cikin gona da kyamara a hannu, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Sai dai ƙofar dogon lensi tana can ciki ne, nesa da na gaba. Idan ita ke zaɓen hasken da zai wuce, hasken da zai je kusurwoyin hoto dole ya ratsa ta gefen gilashin gaba, inda ya fi rauni. Tsakiya ta fito ras, gefe ya ja kamar an shafa, wani lokaci baƙin da'ira ya ƙara kaifi. In aka bar na baya a buɗe aka rage na gaba, kowane haske ta tsakiyar gilashin gaba yake bi. A aikin tebur, inda ba gaggawa, wannan ya fi, kuma shi ya kamata a fara gwadawa.

Amma lambar da ke jikin na gaba ba ita ce ta gaskiya ba, sai an ninka ta da ninkin girma. A ninki huɗu, f/2.8 ya zama kusan f/11, f/4 ya zama f/16, f/8 ya zama f/32, f/16 ya zama f/64. Kyamara na nuna f/5.6 na zum ɗin baya, amma ba shi ke mulki ba.

Mai hoton biki ya saba cewa rage ƙofa na ƙara kaifi, sai ya kai ta f/16 ya rasa dalilin da hoton ya yi laushi. Haske in ya matsa ta ƙaramar kafa bazuwa yake yi, kowane ɗigo ya zama ɗan faifai. A f/16 na gaskiya faɗin faifan wajen milimita 0.021 ne, a f/64 kuma 0.086. Fiksel ɗaya a ƙaramin sensa mai megafiksel 24 kusan milimita 0.004 ne. Wato a f/64 ɗigo ɗaya ya shafe fiksel fiye da ashirin, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da bai shiga ba. Wannan ne ke kashe ninki goma sha ɗayan nan na 18-55: ko a buɗe duka, f/3.5 sau goma sha ɗaya ya kusa f/40. A tsaya tsakanin f/11 da f/22 na gaskiya. A ninki huɗu, f/4 a jikin na gaba. A ninki biyu, f/5.6 ko f/8. Barinsa a f/1.8 shi ma ba ya kyau, fari na fitowa da hazo, gefuna da launin shunayya.

Yadda ake rage ƙofar lensin da ba ya jikin kyamara ya danganta da irinsa. Nikon mai harafin D da tsofaffin lensin zamanin fim suna da zobe, juyawa kawai ake yi. A M42 a mayar da maɓalli kan M, ko a danne ɗan tsinken da ke gindi. Nikon mai harafin G da an cire shi yake rufewa zuwa mafi ƙanƙantar ƙofa, shi ne sirrin baƙin hoton da mutane ke samu. Akwai ɗan harshen ƙarfe a gindinsa, a tura shi a tokare da guntun roba ko kwali. Canon EF a buɗe yake zama. Dabarar da aka daɗe ana bi ita ce a ɗaura shi a kyamara, a sa f/4, a danne maɓallin duba zurfin fokas da ke kusa da gindin lensi, a cire lensin ana danne da shi. Ba haka kamfani ya tsara ba, a yi shi a ɗakin da ba ƙura. Mai STM kuma a kai fokas ɗinsa ∞ kafin a cire, domin zobensa ba ya aiki ba wuta.

Akwai hanyar da ta fi duk waɗannan sauƙi. A yanka baƙin kwali zagaye daidai cikin zoben haɗi, a huda tsakiyarsa huda mai santsin baki, a bar ƙofofin lensi biyun a buɗe. Faɗin hudar shi ne tsawon na gaba a raba da lambar da ake so: 50 a raba 4, milimita 12.5.

Duhun kusurwa

Hoto ya fito kamar ana leƙe ta bututu. Abubuwa huɗu ke jawo shi: na baya ya yi gajarta, tazara tsakanin gilasan ta yi yawa, an rage ƙofar baya, ko sensa babba ne. Zum ya fi fama da shi, kuma yawanci sai an kai shi ƙarshen tsawonsa duhun ke janyewa, shi ya sa 55-200 kan ba da cikakken hoto a 200 amma ya ba da da'ira a 70. Wanda ke son ninki biyu ko uku ba duhu, tsohon 100 ko 135mm f/2.8 marar zum ya fi masa. 50 a kan 50 kusan kullum da'ira ce. Tara zobban rage girma biyu ko uku a tsakani shi ma ƙara matsalar yake yi.

Zurfin fokas

A ninki biyu da f/16 na gaskiya, kaurin wurin da ke fita ras wajen milimita 0.16 ne. A ninki huɗu ya koma 0.04. Takardar A4 ta ofis kaurinta kusan 0.1 ne, ke nan bai kai rabin takarda ba. In idon ƙwaron wake ya fito, ƙafarsa ta ɓace. Wannan ba laifin haɗin ba ne, lensi mafi tsada ma haka zai yi a wannan ninki.

Hotunan da ake gani kai da ƙafa duk ras, hotuna ne da yawa aka haɗa. Ana ɗauka, a matsa kaɗan, a sake ɗauka, sannan manhaja irin Zerene Stacker, Helicon Focus, Photoshop ko Affinity Photo ta tsinto wurin da ya fito a kowanne. Taku ya zama kusan kashi 70 cikin ɗari na zurfin, domin su hau juna. A ninki huɗu taku 0.03 ke nan, ƙwaro mai kaurin milimita 1.5 zai ci hoto 50. In taku ya yi faɗi, sai a ga layukan dishi-dishi sun ratsa jikin.

Matsar da abin ya fi matsar da kyamara sauƙi. Kusar M6 na tafiyar milimita ɗaya a juyi ɗaya. A manna mata faifan kwali da aka raba gida 30, ta riƙa tura ɗan katakon da abin ke kai a tsakanin sanduna biyu, kowane gida ya ba da taku 0.033. A riƙa juyawa ta gefe ɗaya kawai, domin komawa baya na da lako-lako. Zoben fokas na lensin baya shi ma yana matsar da wurin: daga ∞ zuwa mita ɗaya, da 50 a gaba, wajen milimita biyu zuwa biyu da rabi. Ya isa ƙananan abubuwa da yawa.

Haske da girgiza

Filashin kan kyamara ba ya isa, lensin ne ke tare shi. A sauke filashi gefe, a sa ƙarfinsa 1/16 ko 1/32, shota 1/200 na daƙiƙa, ISO 100 ko 200. A ƙaramin ƙarfi walƙiyar gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da motsi. Filashi tsirara na ƙona bayan ƙwaro da fari fat, don haka a kewaye abin da farin kofin takarda da aka yanke gindinsa, ko rabin ƙwallon tebur, a haska ta jikinsa. Gilashin gindin da ke waje ba shi da rumfa, haske na faɗa masa ya wanke hoton. A huda tsakiyar murfin gindi a mayar masa, ko a naɗa baƙin kwali mai tsawon santimita ɗaya da rabi.

Mai amfani da fitila, ya ɗauki mai batir. Ƙwan da ke kan wutar NEPA ko janareta na ƙyaftawa, sai hotuna hamsin su fito da haske daban-daban. Da fitila shota na daɗewa, a nan girgiza ke shigowa: motsin milimita 0.01 a ninki huɗu fiksel goma ne a sensa. Janaretan maƙwabci, tirela a titin Nnamdi Azikiwe, fankar sama, har takun mutum a ɗaki, duk suna fitowa. A ɗaure kyamara da abin a kan katako ɗaya mai kauri domin su girgiza tare, a kashe VR ko IS (tsarin rage girgiza na lensi), a sa jinkirin daƙiƙa biyu, a ɗage madubi in kyamarar na da wannan.

Ƙwaro mai rai sai da sassafe, musamman da sanyin hunturu kafin ya ji ɗumi. A riƙe reshen da hannun hagu, a ɗora bakin lensin a kan wannan hannu, a riƙa matsawa gaba da baya ana ɗauka. Sama da ninki biyu da hannu, abin da ake zubarwa ya fi wanda ake ajiyewa yawa nesa ba kusa ba. Rina da kunama ba a tunkararsu a santimita huɗu.

Wa zai amfana?

Malamin gona da ɗalibin nazarin ƙwari su ne kan gaba. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016, ƙwanta bai kai rabin milimita ba. A ninki huɗu yana fitowa sarai, a tura wa masani a Samaru ta Zariya ya duba. Mai gyaran waya zai iya nuna wa mai kaya tsagewar dalma a ƙafar abin da bai wuce milimita ɗaya ba, amma ba zai yi aiki a ƙarƙashinsa ba, bakin ƙarfen dalma ba shi da wurin shiga. Mai zinare zai ɗauki hatimin 750 ko 875 ko 916 da ke cikin zobe ko maɗaurin sarƙa.

Akwai kuma wanda wata hanya ta fi masa. Zoben amarya faɗinsa ya kusa santimita biyu, a ninki biyu ba zai shiga hoton ba. Shi da ɗinkin hula da saƙar shadda, bututun ƙara tazara, wanda ake sawa tsakanin lensi da kyamara, ya ishe su: saiti mai 12 da 20 da 36 a bayan lensin 50 na kaiwa kusan ninki ɗaya da rabi, guda ɗaya kuma ya ba da ƙasa da haka. Tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016, alamar Y da ke kanta da ɗigo huɗun kusa da wutsiyarta a ninki ɗaya ake ganinsu. Mai son malam-buɗe-littafi da mazari kuwa tazara yake buƙata. Raynox a kan 200 na ba da ninki 1.6 daga nisan da ya haura santimita goma, lensin makro na 100 kuma wajen santimita 14 a ninki ɗaya, yana fokas har nesa, a ɗauki hoton mutum da shi a sake komawa kan fure. Haɗin lensi biyu ba ya ganin komai bayan santimita huɗun nan.

Ƙura da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barin komai a Kaduna, kuma wannan aiki na tona asirin ƙura ta hanyoyi biyu. A f/22 na gaskiya zuwa sama duk ɗigon da ke kan sensa na fitowa baƙi, in kuma aka haɗa hotuna hamsin sai ya zama dogon zare a hoton. Kafin a fara, a ɗauki hoton farar takarda da lensin baya kaɗai a f/22, a duba, a hure sensa da robar hura iska, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ba a hurawa da baki. Ƙurar da ke jikin abin kuma a ninki huɗu kamar tsakuwa take, a share ta da burushin zane mai laushi, a rufe shi da kofi har lokacin ɗauka.

Gindin lensin da aka juya a buɗe yake, da gilashinsa da ƙananan haƙoran wutarsa. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa idan lensin ya koma aikin biki, saboda haka a mayar da murfi da zarar an gama, a kuma raba lensin biyu maimakon a ajiye su a haɗe. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, danshi ke haifar da fumfunar da ke cin gilashi daga ciki. A ajiye su a roba mai rufewa ruf da ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa canza ƙunshin duk bayan 'yan makonni.